Kundin aiki: horar da jami'ai masu amosanin gaɓɓai kan sarrafa ƙaramar bindiga a Yamai

Litinin, 11 Nuwamba 2024

Mu uku ne a kan wannan aiki: malamin harbi, mai gyaran makamai, da likitar motsa gaɓɓai, wadda kowa a nan yake kira kine. Masu koyo su shida ne, maza biyar da mace ɗaya, dukansu masu kayan sarki da suka haura shekara 50. Bindigogin na aiki ne, masu lamba da takarda, ana fito da su daga ma'ajiya da safe, a mayar kafin a tashi. Wanda ba shi da izinin hukuma na riƙe makami ba shi da wuri a filin nan, kuma ba shi ake wa wannan rubutu ba.

Ciwon nasu ba iri ɗaya ba ne. Huɗu na fama da amosanin da ke zuwa da shekaru, inda gurunguntsin gaɓa yake cinyewa, kuma wurin da ya fi kama su shi ne gindin babban yatsa, kusa da wuyan hannu. Irin wannan, sanƙarewar safe ba ta cika wuce rabin awa ba. Hajiya, macen da ke cikinsu, nata daban ne: amosanin da garkuwar jiki ke yaƙar gaɓɓai, yana kama hannu biyu tare, da kumburi da zafi, kuma sanƙarewar safe takan kai awa guda ko fiye. Na shida, wani sajan, ya taɓa karyewa a wuyan hannun dama, ƙashi ya haɗe amma ƙarfi bai dawo ba.

An auna ƙarfin riƙon kowa da ma'auni samfurin Jamar da kine ta aro. Mutum yana zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe tana manne da haƙarƙari, ya matse sau uku da kowane hannu, a ɗauki matsakaici. Ƙwararrun Turai masu nazarin raunin tsoka a tsufa sun sa iyaka a 2019: ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da kilo 16 ga mace, ana ɗaukarsa rauni. Ajidan, wanda ya fi kowa shekaru, ya ba da 24 a dama, 29 a hagu. Hajiya 15 da 17. Sajan 22 da 36. Sauran ukun suna tsakanin 28 da 33.

Bayan haka aka ba kowa bindigarsa da harsashin roba na koyo, aka ce ya sauke ta: ya zare gidan harsashi, ya ja kulas, wato ƙarfen saman nan mai zamewa, ya fitar da na cikin ɗaki, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, ya maƙale kulas ɗin a baya, ya nuna wa malami ɗaki a buɗe. Dukansu shida suna iya danna kunama. Huɗu sun kasa kammala saukewa ba tare da bakin bindiga ya karkata zuwa ga cinyarsu ko ga na kusa da su ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a bi har ƙarshen aikin. Harbi abu ne mai sauƙi; mutumin da ba ya iya sauke bindigarsa shi kaɗai, cikin natsuwa, shi ne haɗari ga kansa da abokan aikinsa.

Alhamis, 14 Nuwamba

Sayayya. A kasuwar Katako: tub na tayar keke guda biyu, jika 3, tef mai yashi irin wanda ake mannawa a matakala, jika 4, sikelin rataye, jika 5, bokiti biyu da filas babba, jika 14. Gero tiya uku na motsa yatsu an kawo daga gida. An ba da odar na'urar cusa harsashi UpLULA guda biyu ta hanyar ofis, da takarda, an ƙiyasta jika 60 har da kuɗin kawowa.

Talata, 19 Nuwamba

Ranar jan kulas, ba harsashi ko ɗaya a filin.

Yadda aka koya wa yawancinsu tun suna sababbin shiga shi ne a miƙe hannu gaba, a tsunkuli bayan kulas da babban yatsa da manuniya, a ja. Wannan tsunkulin yana ɗora nauyin duka a kan gindin babban yatsa, daidai gaɓar da ta lalace. Sifirin ɗin kulas na bindigar Glock 17, na masana'anta, yana kusa da kilo 7.7. Na Beretta 92 bai kai haka ba, kusan kilo 6 ne, amma idan gudumarta, wato ƙarfen baya da ke bugawa harsashi ya tashi, tana kwance sai ka ture nata sifirin ɗin a lokaci guda, shi ya sa farkon jan yake cijewa.

Hanyar da ake koyarwa yanzu ta bambanta ta kowane ɓangare. Mutum ya juya gefensa ga allon bara, domin idan ya kawo bindiga kusa da ƙirji bakinta ya ci gaba da kallon tudun yashi. Gwiwoyin hannu su manne da jiki. Hannun hagu ya sauko ta sama ya dafe bayan kulas, tudun tafi a gefe ɗaya, yatsu huɗu a ɗaya gefen, babban yatsa yana kallon ƙirji ba ya aikin komai. Tafin kada ya rufe tagar da kwanso ke fita, kada kuma ya kusanci baki. Sannan hannun hagu ya tsaya cak, na dama ya tura mariƙi gaba da ƙarfi, bugu ɗaya, daga kafaɗa da ƙugu. Kamar kwalbar da murfinta ya cije ne: ba wanda yake buɗe ta da hannu a miƙe, ƙirji ake kawo ta. Idan kulas ya kai ƙarshe a sake shi ya koma da kansa. Wanda ya raka shi a hankali zai tarar bai rufe duka ba.

Manuniyar dama tana miƙe can sama a jikin bindiga, ba a gefen kunama ba. Akwai dalili: idan hannu ɗaya ya matse da ƙarfi, ɗayan ma yakan matse ba da sanin mai shi ba. Mai rauni yana yunƙuri fiye da mai ƙarfi, don haka wannan matsar ta fi kama shi. Harbin kuskure a wurin ɗurawa da saukewa yakan fito daga nan.

Masu Beretta da mai tsohuwar MAC 50 an ƙara musu dabara guda: a fara ɗaga guduma da tudun tafin hagu, baki yana kallon yashi, yatsa a waje, sannan a ja kulas. Sikelin rataye ya nuna jan yana raguwa sosai.

Matsalar da ta fito ita ce ta Beretta. Sakatarta, wato maɓallin da ke hana ta harbi, a jikin kulas take, kuma dafawar sama tana danna ta ƙasa ba da niyya ba. Mutum ya ɗura, ya ɗaga, ya danna, shiru. Gyaran shi ne yatsu su kama ta ƙarƙashin sakatar, kuma bayan kowane ja a shafa ta sama da babban yatsan dama. Ajidan ya ce shekara talatin yana tsunkula, yanzu yaro zai sauya masa. Malamin harbi ya ce: "Baba, ba ni na sauya ba, yatsan ne ya sauya. A gwada sau goma, in bai yi ba mu koma taku." Bai nemi a koma ba.

Asabar, 23 Nuwamba

Maimaici. Biyar suna jan kulas har ƙarshe. Hajiya tana kaiwa rabi da safe, tana kaiwa ƙarshe bayan ƙarfe goma sha ɗaya.

Alhamis, 28 Nuwamba

An naɗa tub ɗin keke a mariƙin bindigogi uku. Tunanin shi ne mai amosani ba ya iya dunƙule hannu sosai, don haka mariƙi mai kauri zai fi masa daɗi, roba kuma tana hana santsi. Ga MAC 50, wadda gidan harsashinta layi ɗaya ne mai cin tara kuma mariƙinta siriri, zagaye ɗaya na roba ya yi amfani ƙwarai. Ga Beretta abin ya ɓaci. Mariƙinta da ma mai kauri ne saboda gidan harsashi mai cin 15, da aka ƙara roba sai manuniya ta daina kaiwa kunama daidai. Mutum yana murɗa hannu gefe don ya kai, bayan mariƙi ya tashi daga tsakiyar tafi ya koma kan gindin babban yatsa, wato shurin bindiga zai sauka kan ciwon kai tsaye. An cire.

Abin da za a duba kafin a ƙara wa mariƙi komai: bututu ya yi layi ɗaya da ƙashin hannu, kuma tsokar gaɓar farko ta manuniya ta kwanta a kan kunama ba tare da an murɗa wuyan hannu ba. In ɗaya ya ɓace, kaurin ya yi yawa. Ga Beretta da Glock an koma tef mai yashi, siriri, a gaba da bayan mariƙi kawai. Ba ya ƙara kauri, yana ƙara kamu.

An kuma manna tef ɗin a gefen kulas. Kafin azahar ya ɓare, saboda mai ya shiga ƙarƙashinsa. Sai an goge wurin da alkol ya bushe, a zagaye kusurwoyin tef da almakashi, a bar shi ya kwana. A kula kada ya taɓa tagar kwanso ko lambar bindiga.

Talata, 3 Disamba

Harbin farko da harsashi na gaske, 9 mm, nisan mita 7, harsashi biyar-biyar a gida. Toshiyar kunne biyu, ta ciki da ta waje, da tabarau. Ƙarar fistol tana kai desibel 160, kuma mai jin tsoron ƙara yana ƙanƙame hannu kafin harbi, abin da ke ƙara masa ciwo.

Sajan ya samu cijewa sau huɗu cikin harsashi ashirin, Hajiya sau uku. Duk iri ɗaya: kwanso ya tsaya a tsaye a bakin taga, kulas ya danne shi. Mai gyaran makamai ya karɓi bindigogin biyu ya harba gida guda-guda, ba cijewa. Ke nan laifin ba na ƙarfe ba ne. Fistol mai ɗura kanta tana bukatar jikinta ya tsaya domin kulas ya samu abin da zai zame a kai. Idan wuyan hannu ya yi sako-sako, bindigar duka tana komawa baya tare da kulas, ƙarfin ya ɓace a hanya, kulas bai kai ƙarshe ba, kwanso bai fita ba. Bindiga mai jikin roba mara nauyi kamar Glock ta fi saurin nuna wannan fiye da Beretta mai kusan gram 950.

Maganin ba ƙara matsa yatsu ba ne, domin yatsun ba su da abin bayarwa. Abubuwa uku aka gyara. Hannun dama ya hau sama har ya tokare ƙarƙashin wutsiyar bindiga, ba rata. Hannun hagu ya karkata gaba, tudun tafinsa ya cike gurbin da ya rage a mariƙi, sannan tafukan biyu su matsa juna daga ƙirji da kafaɗa. Na uku, jiki ya rusuna gaba kaɗan, hanci a kan yatsun ƙafa. Wuyan hannu ake kullewa, kuma ana iya kulle shi ko yatsu ba su da ƙarfi. A zagaye na biyu sajan ya samu cijewa ɗaya, Hajiya biyu.

An tsaya a harsashi 30 ga kowa. Mai amosani ba a kai shi ga gajiya, domin kumburin ba a filin yake fitowa ba, sai washegari. Wanke hannu da sabulu kafin a ci komai, saboda dalma.

Talata, 10 Disamba

Hajiya ta zo da gaɓɓan yatsu a kumbure, da zafi idan an taɓa. An dakatar da ita mako biyu. Da kine ta bi diddigi sai ta gano cewa Hajiya ta sayi ƙarfen matsawa mai sifirin a kasuwa, tana matsa shi safe da yamma don ta kamo sauran. Ga amosani irin nata, motsa gaɓa da ƙarfi lokacin da take kumbure ƙara mata wuta ne. Kine ta ce mata: "Yaya, hannun nan ba a yi masa dole. Ranar da ya kumbura, motsi kawai, ba matsa." An tura ta ta ga likitanta ya duba magungunanta.

Tsarin motsa hannu da aka rubuta wa kowa, don kada a sake samun haka: a jiƙa hannu cikin ruwa mai ɗumi, digiri 38 zuwa 40, minti goma. A buɗe tafi a dunƙule a hankali sau goma. A taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, siffar zobe, kada gaɓa ta lotsa. A nutsa hannu cikin bokitin gero a buɗe a rufe, minti biyu. A matse soso, a riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. A ɗaga kwalbar ruwa ta rabin lita da wuyan hannu, sama da ƙasa, hannu a kan tebur. Kwana uku a mako ya isa. Ciwon da ya wuce awa biyu bayan an gama alama ce an yi yawa, a rage rabi.

Alhamis, 19 Disamba

Jiya hutun ranar Jamhuriya, ba aiki. Yau hunturu ya sauka da hazo, ko gadar Kennedy ba a hangowa sosai daga nesa. Da ƙarfe bakwai da rabi mutum uku da suka riga suka iya jan kulas sun kasa. An mayar da lokacin farawa ƙarfe goma, kuma filas ɗin ruwan ɗumi ya zama dole: kowa ya jiƙa hannu, ya goge ya bushe sarai, sannan ya taɓa bindiga. Masu zuwa a kan babur su sa safar hannu, iskar hanya ita ke sanƙarar da yatsu.

Abubuwa biyu na wannan yanayi. Man kaɗe da ake shafawa don kaushi yana sa kulas ya kuɓuce. A shafa da dare, ba da safen ranar fili ba. Haka ma man diklofenak na shafawa: bayan an tashi. Na biyu, ƙura. Mai da yawa a kan layin da kulas ke bi yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya zama kunu, jan ya ƙara nauyi. Ɗigo ɗaya a kowane layi, a goge rarar, a rufe bindiga da ƙyalle idan an ajiye ta a tebur.

Litinin, 30 Disamba

UpLULA sun iso, kuɗin ya tsaya a jika 64. Cusa harsashi a gida shi ne aikin da ya fi cin babban yatsa, musamman uku na ƙarshe, lokacin da sifirin ya matsu. Da na'urar, ana tsayar da gida a kan tebur, a matse da tafi, a danna ƙasa da nauyin jiki, a jefa harsashi. Ajidan ya cika gida 15 ba tare da ya tsaya ba. A wurin horo an tsayar da goma-goma, domin cikakken gida yana da wuyar kamawa idan kulas yana rufe. Sai an buga gindinsa da tudun tafi, sannan a ja shi ƙasa a tabbatar ya kama.

Hajiya ta dawo, kumburi ya sauka.

Alhamis, 9 Janairu 2025

Gwajin libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa da harsasai. Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce mai raunin hannu ya bar fistol ya koma libarba, tunda ba kulas. An aro guda mai cin .38 daga ma'ajiya don a gani. Ɗurawa da saukewa kam sun fi sauƙi, kuma ido yana ganin ɗakunan duka. Amma kunamarta doguwa ce mai nauyi, sikeli ya nuna sama da kilo 5, domin yatsa ɗaya ne yake juya ganga yana ɗaga guduma. Kunamar Glock kusan kilo 2.5 ce. Hajiya ta kasa kai ta ƙarshe da manuniya ɗaya. Ajidan ya kai, amma baki yana rawa, harsasai suka watse ƙasa da hagu. Ɗaga guduma da babban yatsa kafin kowane harbi yana sauƙaƙa kunama, sai dai wannan yatsan shi ne mara lafiyar, kuma idan an ɗaga aka fasa harbi, kwantar da gudumar a kan harsashi mai rai da yatsa mai rawa abu ne da ba za mu koya wa kowa a cikinsu ba. Shurinta ma ya fi zafi a tafi, saboda ba sifirin da ke shanye wani ɓangare. Sajan kaɗai ta dace da shi: yatsunsa lafiya lau, wuyan hannu ne matsalarsa, libarba kuma ba ruwanta da sako-sakon wuyan hannu.

Irin wannan nauyin yana jiran masu Beretta a harbin farko, lokacin da guduma take kwance: shi ma ya haura kilo 5, sai na biyu ya sauko kusan rabi. An ba su aikin danna kunama a busasshe, da harsashin roba, sau goma sha biyar a zama, a cikin ma'ajiya gaban malami.

Akwai bindigogin da aka ƙera musamman don irin waɗannan hannuwa. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da M&P Shield EZ a 2018, mai kulas mai sauƙin ja da gidan harsashi mai ɗan maɓalli a gefe da ake jan sifirin ƙasa da shi. Beretta na da ƙanana irin su Tomcat da samfurin 86, waɗanda bututunsu ke ɗagowa sama a sa harsashi kai tsaye, ba sai an ja kulas ba. Amma ma'aikaci ba ya zaɓen makaminsa, abin da ma'ajiya ta ba shi da shi zai yi aiki, don haka an ambace su ne kawai.

Talata, 21 Janairu

Mai gyaran makamai ya gwada sifirin mai laushi a kan wata Glock ta horo, don a rufe maganar, tunda masu koyo biyu sun dame shi da ita. Jan ya yi sauƙi, ba musu. Amma sifirin ɗin nan aiki biyu yake yi: yana tare kulas idan ya taho baya, yana kuma mayar da shi gaba ya ɗebo harsashi ya rufe. Da aka harba gida uku cikin ƙura, sau biyu kulas ya tsaya saura kaɗan ya rufe, sai an bugi bayansa. Kwanso kuma yana tashi nesa fiye da da, alamar kulas yana dukan jikin bindiga da ƙarfi. Da harsashin soja, wanda ya fi na kasuwa zafi, dukan zai ƙaru. An mayar da na asali. Bindigar aiki ba a taɓa mata sifirin, ba a goge mata kunama.

Abu na biyu na yau ya fi nauyi. Ɗaya daga cikin mazan ya zo da fara'a, ya ce hannu ya warke. Malamin harbi ya lura idonsa ya yi nauyi, amsarsa tana jinkiri. Da aka keɓe da shi ya ce tramol ya sha, na masu talla a faranti. An karɓi bindigar, aka mayar ma'ajiya, aka sa wani ya kai shi gida. Tramol yana kawo gyangyaɗi da jiri, yana rage saurin tunani, idan ya yi yawa yana jawo farfaɗiya, ga kamu. Kuma ciwon da aka danne da ƙwaya bai hana gaɓa lalacewa ba, ƙararrawar kawai aka kashe. An kafa ƙa'ida a rubuce: kowa ya faɗa wa kine abin da ya sha kafin a buɗe ma'ajiya. Ibuprofen da diklofenak na haɗiya ba sa sa barci, amma masu hawan jini, gyambon ciki ko ciwon ƙoda sai da izinin likita, kuma uku daga cikin shidan suna shan maganin hawan jini.

Alhamis, 30 Janairu

Maƙale kulas a baya, abin da ya rage. Wuyarsa ita ce babban yatsan dama ya tura maƙali sama a daidai lokacin da hannu ke tura mariƙi gaba. Dabarar da ta yi aiki: bayan an zare gida, an ja kulas sau uku an ga na ɗaki ya faɗo, sai a ɗan juya tafin dama har babban yatsa ya shiga ƙarƙashin maƙali, a fara tokare shi sama tun kafin a tura. Idan kulas ya zo wurin, maƙali zai faɗa da kansa. Madaurin babban yatsa na roba mai tauri, wanda kine ta auna wa mutum biyu, jika 9 kowane, ya taimaka a nan. Yana riƙe gindin yatsa, yana barin kan yatsa ya motsa. Wanda ya rufe tafi duka bai yi ba, yana hana hannu hawa sama a mariƙi.

Gidan harsashi da ba komai a ciki yana maƙale kulas da kansa idan an ja. An yarda da wannan a fili kawai, da gida guda da aka shafa wa fenti rawaya wanda ba a taɓa sa masa harsashi. A wurin aiki ba a dogara da shi, domin cikin gaggawa hannu zai iya ɗauko cikakke.

Talata, 11 Fabrairu

An sake awo. Ajidan 26 a dama, Hajiya 16, sajan 25. Ƙarin kilo ɗaya ko biyu yana iya zama bambancin rana da rana, don haka ba a ɗauke shi wata nasara ba. Na sajan ne kawai ya fito fili. Canjin yana wurin jarrabawar saukewa. An yi ta sau biyar a jere ga kowa, da safe, ba ruwan ɗumi, ba gida mai fenti, malami yana tsaye a bayan kafaɗa yana kallon baki da manuniya. Huɗu sun ci duka biyar. Hajiya ta ci uku. A biyun da ta faɗi kulas ya kuɓuce mata kafin ya maƙale, amma baki bai bar yashi ba. Mutumin tramol bai shiga ba, yana hannun likita.

Rahoton da za a miƙa wa shugabanni: huɗu su ci gaba da riƙe makaminsu, a sake gwada su bayan wata shida, a nema wa sajan libarba in ma'ajiya za ta iya. Hajiya a ba ta aikin da ba na ɗaukar makami ba har a sake gwaji, kuma duk ranar da hannu ya kumbura ba ta karɓar bindiga ko da ta ci jarrabawa a gaba. An faɗa mata wannan kafin a rubuta.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, ban da harsashi da ma'ajiya ta bayar: jika 108. Saura a sayi ma'aunin riƙo na kanmu, don na aro zai koma ƙarshen wata.

Azumi zai kama a farkon Maris, zafi kuma yana tafe. Ba harbi a watan. Za a yi zaman saukewa da harsashin roba sau ɗaya a mako, da hantsi, minti arba'in. Masu shan magani kullum su ga likita tun yanzu kan yadda za su raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur. Bayan salla za a shiga zaro bindiga daga kube da mayarwa, inda maɓallin kube mai buɗewa da babban yatsa zai zama matsala ga mutum uku, da kuma riƙo da hannu mai gumi, wanda ba a gwada ba tukuna tunda duk aikin a sanyi aka yi shi.